Dodon da Malami Ya Ƙera da Hannunsa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dodo tun bai san karatu ba. A tatsuniya ya kan zauna cikin kogi ko rijiya ko ƙurmin daji, ya hana mutane ruwa, ko kuwa ya haɗiye yarinya mai ƙin jin magana. Turawa ma suna da irin waɗannan labaru na ban tsoro, har sun mai da su littattafai, suna ce da su labarun Gotik. Na farkonsu, waɗanda aka fara bugawa a Ingila tun daga 1764, duk zancen fatalwa ne da kufai da tsofaffin gidajen sarauta. Amma da ilmin kimiyya ya yi ƙarfi a ƙasarsu sai dodon ya sake mazauni, ya koma ɗakin malami, inda a ke gwaje-gwaje da kwalabe da wuƙaƙen fiɗa. Tun da ya ke mu ma nan gaba kaɗan za a kira mu malamai, mun ga ya kamata mu duba abin da waɗannan littattafai su ke tsoro, mu gwada shi da wani abu da ya faru a Kano, wanda har yanzu ba a gama biyan bashinsa ba.

Uwar irin waɗannan littattafai shi ne Frankenstein, wanda wata Baturiyar Ingila, Mary Shelley, ta rubuta. Ta fara shi a 1816, tana da shekara 18 kaɗai, watau ba ta ma kai yawancinmu ba. A shekarar nan ta je baƙunci bakin tafkin Jeniba a ƙasar Suwizalan, tare da mawaƙin da ta aura daga baya, Percy Shelley, da abokinsa Byron. Yanayi ya ɓaci ƙwarai a wannan shekara, domin wani dutse mai aman wuta da a ke kira Tambora ya fashe a tsibiran Indunisiya a 1815, tokarsa ta bi iska ta rage hasken rana har Turai. Ruwa da sanyi suka tsare su a ɗaka, sai suka yi gasa kowa ya ƙago labarin ban tsoro. Nata ne ya rayu. Aka buga shi a Landan a farkon 1818, kwafi 500 kacal, ba a ko sa sunanta ba.

Ba daga sama ta tsinci zancen ba. A 1791 wani malamin Italiya, Galvani, ya buga bayani cewa ƙafar mataccen kwaɗo ta kan motsa in lantarki ya bi ta cikinta. A 1803 ɗan 'yar'uwarsa, Aldini, ya gwada haka a Landan a jikin gawar wani da aka rataye. Muƙamuƙin gawa ya yi rawa, ido ɗaya ya buɗe, hannu ya ɗaga. Mu yanzu mun sani tsoka ce kawai ke amsa lantarki, babu rai ko kaɗan a ciki. Amma mutanen wancan zamani da dama sun zaci saura ƙiris a gano asirin rai.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Victor Frankenstein ɗan manyan mutane ne a Jeniba, mai kaifin hankali, mai son karatu tun yana yaro. Mahaifiyarsa ta rasu dab da tafiyarsa babbar makaranta a garin Ingolstadt na Jamus, ya tafi da zafin mutuwa a zuciyarsa. Can ya dulmuya cikin ilmin jikin mutum, har ya gano wata hanya ta sa wa matacce motsin rai. Ya yi kusan shekara biyu yana bin makabarta da mahauta da ɗakunan fiɗa da dare, yana tsince-tsince, yana harhaɗawa a wani ɗaki can saman bene. Bai rubuta wa iyayensa ba, bai gaya wa malamansa ba, ya rame kamar mai jinya. Wani dare a watan Nuwamba halittar ta buɗe ido. Da Victor ya ga munin abin da ya yi, sai ya fice a guje ya bar shi nan. Da ya komo da safe ya tarar ɗakin wayam, ya yi murna, ya ɗauka magana ta ƙare.

Tsawa da walƙiya da a ke nunawa a majigi, masu majigi ne suka ƙara, a littafin Victor ya ƙi faɗin dabarar sam. Har wa yau mutane su kan kira dodon Frankenstein, alhali kuwa sunan mai ƙera shi ne. Shi dodon ko suna ba a raɗa masa ba, abin da ko bawa ba a hana shi.

Daga nan marubuciyar ta yi abin da mai tatsuniya bai saba yi ba, ta bar dodon ya faɗi labarinsa da bakinsa. Ashe da farko ba mugu ba ne. Ya fito duniya da girman ƙato da hankalin jariri, bai san wuta ba sai da ta ƙone shi. Ya ɓuya a wata 'yar rumfa jikin gidan waɗansu matalauta, yana leƙensu ta tsaga, da haka ya koyi magana da karatu. Da dare ya kan saro musu itace ya ajiye a ƙofa ba su sani ba. Ran da ya bayyana kansa suka kore shi da sanda. Ya ceci wata yarinya daga kogi, aka sāka masa da harsashi. Sa'an nan ne zuciyarsa ta juya, ya nemi wanda ya yi shi ya yar. Ya kashe ƙanen Victor, ya sa aka zargi wata yarinyar gidansu mai suna Justine. Ya roƙi Victor ya yi masa mata irinsa, su tafi can nesa da mutane. Victor ya fara, ya tsorata, ya yayyaga aikin a gaban idonsa. Dodon ya kashe amininsa, ya kashe amaryarsa daren biki, baƙin ciki kuma ya kashe uban. Victor ya bi shi har ƙarshen duniya ta arewa, inda teku ke daskarewa, ya mutu cikin jirgin wani matuƙi mai suna Walton bayan ya ba shi labari.

In an tambayi mai karatu ina laifin Victor, nan da nan zai ce ya shiga hurumin da ba nasa ba, domin rai na Allah ne. Wannan gaskiya ne, yaron makarantar allo ma ya san haka. Amma in a nan muka tsaya, littafin ba shi da abin da zai gaya mana, gama babu ɗayanmu, babu kuma wani likita a duniya, da zai iya ta da matacce. Abin da marubuciyar ta fi ɓata tawada a kansa halaye ne waɗanda kowane mai ilmi zai iya faɗawa ciki. Ku dubi dalilin da ya sa dodon ya kai ƙafa takwas. Victor da bakinsa ya ce ƙananan jijiyoyi suna ɓata masa lokaci, shi ya sa ya yi komai manya-manya don ya gama da wuri. Watau girman nan da ya firgita duniya, ɗan gaggawa ne. Babu mai korarsa kuwa, sai son a ce shi ya fara.

Ɓoyon ma yana da asali. Tun yana yaro Victor ya haɗu da littattafan tsofaffin masu tsibbu na Turai, irin su Agrippa, wanda ya zana hatimai na taurari cikin littafinsa. Mu wannan fanni ba baƙo ba ne gare mu. Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira wajen 1741, ya yi rubutu mai zurfi a kan lissafin hatimi, masana lissafi har yanzu suna ambatonsa. Irin wannan ilmi na da, al'adarsa asiri, malami ba ya buɗe shi sai ga wanda ya yarda da shi. Kimiyya kuwa ƙarfinta duka a bayyanawa ya ke: ka faɗi abin da ka yi da yadda ka yi shi, waɗansu su gwada, su kama ka in ka kauce. Victor ya ɗauki kayan aikin sabon ilmi ya riƙe al'adar tsoho. Da ko mutum ɗaya ya leƙa ɗakin nan, da ya tambaye shi, to, in abin ya tashi, wa zai ci da shi, ina zai kwana?

Wurin da ya fi ba mu haushi a littafin shi ne shari'ar Justine. Victor na zaune a kotu, ya san wanda ya yi kisan, ya yi gum don kada a ce ya haukace. Aka rataye ta. Ba ta taɓa jin labarin gwajin ba, ba a shawarce ta ba, da ya yi nasara ma ba a ambaci sunanta ba, amma ita ta biya.

Littattafan da suka biyo baya sun yi ta juya wannan magana. A labarin Likita Jekyll da Hyde, na Robert Louis Stevenson, 1886, likitan a kan kansa ya gwada maganinsa, mu kan ce to, wannan da sauƙi. Duk da haka yarinyar da Hyde ya tattake a titi da dattijon da ya kashe ba su sha maganin ba. Wani Ba'amurke, Hawthorne, ya rubuta a 1843 labarin malamin da ya ga ɗan tabo a kumatun matarsa kyakkyawa, ya haɗa mata magani, tabon ya ɓace, ita ma ta cika. A waje da littafi kuma, a 1828 a birnin Edimbara, waɗansu mutum biyu, Burke da Hare, sun kashe mutum 16 suna sayar da gawarwakin ga wani malamin fiɗa, Robert Knox, shi kuwa bai tambayi inda su ke samowa ba. Yawancin waɗanda aka kashe matalauta ne da baƙi, waɗanda ba mai cigiyarsu.

To, mu dawo gida. Mu mutanen ƙasar Gumel ba ma bukatar a kwatanta mana sanƙarau. Ƙasarmu tana cikin wani ɗamara da ya ratsa Afirka daga Sanigal har Habasha, inda cutar kan tashi da rani, sa'ad da ƙura da busasshiyar iska suka kakkarce maƙogwaro, ta yi ta yaɗuwa cikin ɗakunan da a ke kwana a cunkushe, ba ta lafawa sai ruwa ya sauka. A 1996 ta yi ɓarnar da ba a taɓa gani ba. A Nijeriya kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000, yawancinsu yara, Kano kuwa tana tsakiyar wutar.

A daidai lokacin nan kamfanin magani na Amurka, Pfizer, yana da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda ya ke so hukumar ƙasarsu ta yarda da shi. Ana sa ran zai kawo kuɗi masu yawan gaske. Ba a taɓa gwada shi sosai a kan yara masu sanƙarau ba, domin a Amurka ba a samun su da yawa wuri ɗaya. Sai ga labarin annobar Kano. Cikin 'yan makonni aka shirya abin da ya kan ci watanni, likitocinsu suka sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana. Suka ɗauki yara 200, kamar rabi aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar wani sanannen magani don a kwatanta. Shi ma wannan an rage yawansa ƙasa da yadda aka saba bayarwa, kamfanin ya ce don a rage wa yara zafin allura ne. Yara 11 suka mutu, 5 daga masu Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Waɗansu suka tashi kurame, ko makafi, ko shanyayyu. Bayan kamar mako biyu baƙin suka tattara kayansu suka koma, annoba kuwa ba ta ƙare ba.

Adalci ya tilasta mu faɗi abin da kamfanin ya ce, gama yana da nauyi. Ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, shi ne kuma ya nakasa sauran, kamar yadda ya saba yi ko ba a ba da komai ba. In an lissafa, 11 cikin 200 bai kai 6 cikin ɗari ba, alhali a annobar gaba ɗaya an rasa fiye da 10 cikin ɗari. Kuma magani da za a iya haɗiya, ba sai an nemo mai allura ba, babu shakka alheri ne ga ƙauyukan da ba su da asibiti. Ba mu ce sun zo da nufin kisa ba. Victor ma ai mutuwa ya tafi yaƙa.

Maganar tana wani wuri dabam. Iyayen yaran sun ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba, ba a kuma gaya musu cewa a cikin asibitin nan ƙungiyar MSF, likitoci na gari na kowa, suna ba da maganin da aka riga aka sani kyauta ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi musu bayani da Hausa sun yarda da baki, amma bai iya nuna takardar da wani uba ya sa wa hannu ba. Ku tuna da halin uwar da ta goyo ɗa wuyansa ya sandare, ta ga Bature da farar riga ya miƙo hannu. Wace tambaya za ta yi? Sa'an nan takardar izni da aka nuna, wadda aka ce kwamitin wani babban asibitin Kano ya bayar a watan Maris na 1996, daga baya ta bayyana cewa bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mai da kwanan wata baya. A lokacin ma ba a kafa kwamitin ba tukuna. Dokar neman yardar mutum kafin a gwada magani a jikinsa kuwa ba sabuwa ba ce, tun 1947 aka rubuta ta a garin Nuremberg, bayan shari'ar likitocin Hitila.

Shi Trovan an yarda da shi a Amurka a 1997, don manya. A 1999 aka taƙaita shi ƙwarai saboda yana lalata hanta, a Turai kuma aka dakatar da shi. Mutanen Kano ba su ji cikakken labari ba sai da jaridar Washington Post ta tona shi a ƙarshen 2000. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti, ya gama rahoto a 2001 cewa gwajin ya saɓa doka, rahoton kuma ya yi ɓatan dabo sai 2006 ya fito. A 2007 Gwamnatin Kano da ta Tarayya suka kai ƙara. A 2009 aka yi sulhu da Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011, shekara 15 bayan abin, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, kowanne dala 175,000, bayan an yi musu gwaji an tabbatar da dangantaka.

A littafi, abin da aka gudu aka bari ya kan biyo sawu, ya faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba. A Kano abin da aka bari shi ne zargi. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin rigakafin shan-inna yana hana haihuwa. An gwada shi a wurare da dama, zancen bai tabbata ba. Amma duk wanda ya tashi kare shi sai a ce masa, ka manta da Trovan? Akwai waɗansu dalilai na siyasa da na yaƙe-yaƙen duniya a lokacin, amma wannan ita ce hujjar da ba a iya musunta ba, domin yaran suna nan a unguwanni ana ganinsu. Gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin har watan Yuli na 2004, sai da aka kawo wani daga Indunisiya. Cikin wannan tsakani cutar ta farfaɗo, ta ƙetara zuwa ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a waɗannan shekaru su ne Justine ta wannan labari. Ba a tabbatar da Afirka ta rabu da shan-inna na asali ba sai 2020.

Nan ne mu ke rabuwa da masu karanta Frankenstein su ce ilmin boko duk halaka ne, a guje shi. Gudun ilmi ma ya ci yara, mun gani da idonmu. Sanƙarau kuwa bai tafi ko'ina ba. Daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka lissafa da cutar a Nijeriya a Jihar Jigawa su ke, abin ya fi tsanani a Maigatari da Sule Tankarkar. A ƙetaren iyaka ma tana ci a ƙasar Damagaram, wanda kuwa ya taɓa ganin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan.

A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da wata sabuwar allura mai suna Men5CV, mai tsare mutum daga iri biyar na ƙwayar sanƙarau, Jigawa kuma tana cikin jihohin da aka fara da su. Ita ma sabuwa ce, ita ma an gwada ta a jikin 'yan Afirka, mutum 1,800 a Mali da Gambiya. Amma an yi shekara 13 ana aikinta, lafiyayyu aka gwada wa bayan an nemi yardarsu, aka buga sakamakon a fili kowane likita ya duba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2023 kafin a kawo ta ƙauyukanmu. Nijeriya ma tun 2007 tana da rubutacciyar ƙa'ida ta gwajin magani a jikin mutane, da kwamitin ƙasa mai lura da ita.

Wannan bambanci aikinmu ne mu iya bayyana shi, domin a ƙauye malamin makaranta a ke kawo wa takarda ya karanta. Ran da masu allura suka sauka a ƙofar dagaci a Gagarawa ko Sule Tankarkar, wani dattijo zai ja ɗayanmu gefe ya ce, Malam, kai ka yi boko, mu bari a yi wa yaran nan? In muka ce masa zancen Kano ƙarya ne, ya san ba ƙarya ba ne, ba zai ƙara tambayarmu komai ba. Gwamma mu gaya masa abin ya faru, mu gaya masa shekarar da adadin yaran, sa'an nan mu taya shi tambayar baƙin: wannan magani an gama gwada shi ne ko yanzu a ke gwadawa, wace hukuma ta yarda da shi, in yaro ya kwana da zazzaɓi gobe wa za a nema, a ina. Ma'aikacin lafiya na gaskiya zai amsa duka a tsaye, yawancinsu ma 'ya'yan garin ne, gidajensu ba su ɓuya ba.

Wanda ya ke so ya karanta littafin, Turancinsa na da ne, yana da nauyi, wasiƙun Walton na farko kuma suna sa barci. A daure a wuce su. In an kai babin da dodon ya tare Victor a kan dutsen ƙanƙara ya tilasta shi ya zauna ya saurara, daga nan ba a iya ajiyewa.